Sitati Ta Ƙi Ba Da Shaida

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara bakwai. A gida Yaya muke ce mata. A wurin aiki kuwa Sitati suke kiranta, kuma sunan ya biyo ta har unguwa. Abokan aikinta ne suka laƙaba mata shi tun tana sabuwar zuwa ɗakin wankin babban asibiti, ranar da shugabansu ya ce ta ninke zannuwan ɗakin haihuwa a kai sama ko da ba su gama bushewa ba, wai ana sauri. Ta ce mai jego ba za ta kwanta a kan danshi ba muddin ita ce a bakin injin. Ya yi faɗa, ya yi barazana, ta tsaya ƙyam tana kallonsa har zannuwan suka bushe. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta ce, "Wannan yarinya kamar an tsoma ta a sitati." Shi ke nan suna ya zauna.

Ɗakin wankin yana can bayan asibitin, jikin ɗakin tukunyar ruwan zafi. Injina huɗu ne a ciki, amma ban taɓa zuwa na tarar da fiye da biyu suna aiki ba. Ƙararsu ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, shi ya sa duk wanda ya daɗe a wurin murya gare shi kamar mai kiran fasinja a tasha. Yaya ta shiga aikin tana da shekara goma sha tara, bayan rasuwar Babanmu, don mu biyar da ke bayanta mu ci gaba da makaranta. Sinadarin wanki ya cinye mata tafin hannu, in ta shafa maka kai sai ka ji kamar ana goga maka soso.

A nan ta haɗu da Mai Firji. Firjin da ma'aikata ke sa ruwan sha ne ya mutu, aka kira shi. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya ga zannuwa jibge a ƙasa, sai ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya bi ta gefe a hankali. Yaya ta ce shekararta bakwai a wurin, ba ta taɓa ganin namijin da ya yi haka ba, har likitoci. Ita ta fara yi masa magana. Bayan wata goma aka yi aure.

Shekara goma sha biyu suka yi, suka haifi mata biyu, Babbar da Auta. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shi ke kai yara makaranta a babur, shi ke duba musu aikin gida, ya san lambar takalmin kowaccensu. Innarmu kan ce, "Wannan ba suruki ba ne, ɗa ne." Mu ƙanne muna yi wa Yaya tsiya cewa duk faɗanta ta samu wanda ba ya ramawa. Sai daga baya ta gaya mini cewa zama da shi kamar zama da baƙo mai kunya ne. In an ba shi abinci ya yi godiya, in zai shiga ɗakin kwanansu sai ya yi gyaran murya. Ta sayi turare, ta canza kitso, ta rage ƙiba, ta ƙara ƙiba. Ta zargi hannayenta, ta zargi muryarta.

A shekarar ƙarshe ya fara ramewa. Ciwon kai ba ya barinsa, abinci sai ya tsakura ya ture, azumi kuwa yau da gobe. Ta kai shi aka auna jini, aka auna komai, ba a ga komai ba.

Wata Alhamis, ranar hutunta, tana shanya kayan makarantar yara da hantsi, sai ga shi ya dawo daga shago, abin da bai saba ba.

"Maman yara, zauna, ina da magana."

"Faɗi, ba da hannu nake ji ba."

Ya zauna a bakin famfo, ya haɗa hannayensa tsakanin gwiwoyi. "Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu na san ni ba kamar sauran samari ba ne. Mace ba ta taɓa shiga raina yadda take shiga ran maza ba. Namiji nake so. Na yi azumi, na yi addu'a, na sha duk abin da aka ce in sha. Da na gan ki na ce ga mace mai gaskiya, in na zauna da ita abin zai bar ni. Bai bar ni ba."

Yaya ta ce ta ji ƙarar ruwan da ke ɗiga daga rigar da ke hannunta, ɗis, ɗis, a kan ƙafarta.

"Akwai wani?"

"An yi wani, kafin aurenmu. Tela ne. Na rabu da shi saura mako guda a ɗaura mana aure, ban sake taka inda yake ba. Bara ya rasu. Na je jana'iza na tsaya can baya kamar mai wucewa, na dawo na ci abincin rana da ku. Tun ranar ban sake zama daidai ba."

Ta rataya rigar a igiya, ta sa mata maƙali biyu, sannan ta juyo. "Shekara goma sha biyu ina tsayawa gaban madubi ina neman abin da na rasa. Ashe kai ka san amsar, kana kallona."

"Na cuce ki."

"Ka cuce ni. Kuma kada ka ƙara faɗa, ni zan riƙa faɗa."

Kwana tara ba ta ce masa uffan ba. A na goma ta ce ya ba ta takardarta, ya rubuta. Ta kama ɗaki biyu a gidan hayar da nake zaune da mijina, ta kwaso yara. Shi kuma kullum ƙarfe bakwai yana ƙofar gida da babur, ya ɗauke su zuwa makaranta kamar yadda ya saba.

Tambaya kuwa ta sha ta. Inna ta zo da kanta. "Dukan ki ya yi? Ci ya hana ki? Wata ya gani a waje?" Yaya ta ce, "Inna, zama ne ya ƙare." Ni ma na yi dabarata, na yi lallashi, na yi fushi, amsar ke nan.

Wata takwas bayan haka abin ya fashe, kuma ba daga bakinta ba. 'Yan'uwan marigayi tela suka tashi sayar da shagonsa, suka buɗe wata akwati a ƙarƙashin teburin yanka, suka tarar da tsofaffin wasiƙu da hoto ɗaya. Wani daga cikinsu ya ɗauka a waya ya tura wa wani. Kafin kwana biyu babu wayar da ba ta shiga ba a unguwar. Waɗanda suka kawo wa Mai Firji gyara suka riƙa zuwa da motar ɗaukar kaya suna kwashe abinsu, wasu ma bayansu a buɗe, wayoyi na reto. Aka rubuta masa zagi da jan fenti a ƙofar shago. A masallaci wanda ke gefensa ya ja baya ya koma wani sahu. Babbar, tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ta dawo daga makaranta rigarta a yage, ta ciji wata yarinya a hannu.

Ranar ce Yaya ta gaya mini komai, muna tsaye a kicin. Ba zan yi wa kaina ado ba, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ki raba yaran nan da shi."

Ta dube ni. "Me ya yi wa yaran?"

Har yau ban samo amsar ba.

Wan Mai Firji, Alhaji mai shagon taya, shi ya kira taro a falonsa ranar wata Litinin bayan azahar. Kujerun har lokacin da ledarsu, fanka na juyawa tana ƙiƙi-ƙiƙi. Akwai ƙannensa maza biyu, akwai Kawunmu da Inna, ni kuma na rako Yaya. Mai Firji yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, inda ake ajiye takalma. Sun riga sun gama shawara kafin mu zo. Za a kai shi wani gida a bayan gari inda ake ɗaure mutane da sarƙa ana dukansu wai ana musu magani, a rufe shagon, yara kuma su koma hannun Alhaji, kada uban ya sake ganinsu. Matsalarsu ɗaya ce: wasiƙun tsofaffi ne, tun kafin aure, shi kuma tun da aka fara bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Ke kika zauna da shi. Ki faɗa a gaban iyayenki cewa ɗan luwaɗi ne, shi ya sa kika fita. Kalma ɗaya muke so. Mu za mu karɓar miki haƙƙinki."

Yaya ta ce, "Alhaji, yaushe na kawo muku ƙara?"

"Ba sai kin kawo ba. An cuce ki."

"Wata takwas ina ɗaki biyu da yara, injin niƙa a bayan tagata, ko ɗayanku bai leƙo ya ce mun kwana lafiya ba. Yau ne aka tuna ina da haƙƙi?" Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. "In akwai wanda ya isa ya yi fushi da mutumin nan a ɗakin nan, ni ce. Ina kuwa yi, Allah ya sani. Amma fushina nawa ne. Ba na ba da aronsa a je a ɗaure mutum da sarƙa."

Kawu ya ce, "Ke, ki ji tsoron Allah."

"Shi nake ji, Kawu. Waɗanda ake kwasowa daga irin gidan da kuke faɗa, asibitinmu ake kawo su. Ni nake wanke zannuwansu. Na san abin da ke fita daga jikinsu, ku ba ku sani ba."

Ɗaya daga ƙannen ya yi tsalle ya ce ashe bakinsu ɗaya, ashe ita ma da abin da take ɓoyewa. Yaya ta ce masa ya zauna, tun yana yawo da gajeren wando ta san shi. Sannan ta juya ga Alhaji. "Yara kuma suna da uba. Shi ya san Auta ba ta iya haɗiyar ƙwayar magani sai an daka mata. Kai ko ajin da take ba ka sani ba. Wanda duk ya miƙa hannu kansu, zai ji muryar da nake magana da ita a kan inji."

Ta ɗauki jakarta, ta dubi wanda ke zaune cikin takalma. "Malam, tashi. Lokacin tashin yara ya yi, kada su tsaya a rana."

Ya tashi. Babu wanda ya tare shi. Inna ta rufe fuska da mayafi, kuma daga ranar ta yi wata bakwai ba ta amsa gaisuwar Yaya ba.

Na zaci an wuce wurin. Ashe mafi wuyar yana gaba. Bayan mako uku babur ya daina zuwa ƙofar gida. Rana ta farko Yaya ta ce ƙila taya ce, ta biyu ta kira waya ba a ɗauka ba. Rana ta uku da safe, kafin ta wuce aiki, ta bi ta shagon. Ƙofar a saye take. Ta tura ta ga an share wurin tas, abin da ba ta taɓa gani ba. Sifanu, filaya, abin auna gas, ƙarfen liƙi, duk an jera su a kwalaye, kowane kwali da sunan wani abokin sana'a a jiki. A kan teburi ga ambulan biyu, ɗaya ta Babbar, ɗaya ta Auta. Shi kuma yana zaune a benci cikin wankakkun kaya, fuskarsa a kwance kamar wanda ya gama aiki.

Akwai wata Sista a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, dattijuwa mai gilashi, da kan sauko ɗakin wanki ta sha shayi da su. Yaya ta sha jin ta tana cewa wanda ya daɗe cikin baƙin ciki, rana ɗaya ya natsu ya fara rabar da kayansa, shi ne abin tsoro, kuma a tambaye shi kai tsaye, ba kwana-kwana.

Ta ja kwali ta zauna a gabansa. "Malam, kalle ni. Shirin kashe kanka kake yi?"

Ya ce, "Zai fi muku sauƙi. Yara za su huta da gori."

"Wa ya gaya maka? Yau ana ce musu 'ya'yan wane. Gobe a ce musu 'ya'yan wane da ya kashe kansa, kuma babu mai kai su makaranta. Ka taɓa yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba, ka aure ni a kan abin da ban sani ba. Ba za ka sake yanke wa 'ya'yana irinsa ba. Sa takalminka."

"Ina za mu?"

"Wurin aikina."

Ta kira ni a waya, na bar ajin da nake koyarwa na zo, muka sa shi a tsakiya a tasi. Na ce mu bi ta ƙofar baya, wajen ɗakin wanki, inda ba mutane. Ta ce ta babbar ƙofa marasa lafiya ke shiga. A wurin yankar kati, magatakardan ya gane shi, ya zunguri na kusa da shi, ya ce yana murmushi, "Wane irin ciwo ne ke damunsa?"

Yaya ta ce, "Irin wanda ba kai za ka duba ba. Rubuta kati."

Likitar wata matashiya ce mai idon gajiya. Ta fitar da mu, ta zauna da shi sama da awa guda. Da ta kira mu ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, za a kwantar da shi. Shi da kansa ya gaya mana daga baya cewa ya tambaye ta ko akwai allurar da za ta mayar da shi kamar kowa. Ta ce masa ita ba wannan ta zauna yi ba. Abin da za ta yi wa magani shi ne rashin barci, da rashin ci, da tunanin cewa 'ya'yansa sun fi dacewa da kabarinsa a kan shi. Ya ce tunda yake, ranar ce ya fara faɗa wa wani abin da yake, mutumin bai ja kujera baya ba.

Kwana goma sha tara ya yi. Kullum lokacin hutun rana Yaya na hawa bene da kwanon abinci, ta ajiye, ta tsaya a kansa har ya ci, ta sauko ba hira. Cikin 'yan'uwansa ƙanwarsu ta ƙarshe ce kaɗai ta zo, sau ɗaya, ta ajiye lemo a bakin gado ta yi kuka ta fita da sauri.

Yaya ma ta biya nata farashin. A ɗakin wanki wasu suka ware kofinsu daga nata. Direban motar asibiti da ya fara zuwa zance wurinta ya koma zagayawa ta bayan kicin don kada su haɗu. Jininta ya hau. Ta riƙa shiga bayan injin da ya fi ƙara tana kuka, ta fito ta ce tururi ne ya shiga mata ido. Wata rana Sista ta ritsa ta a can.

"Ke ma ki zo ɗakina ranar Laraba."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Na ga alama. Ƙarfe biyu."

Ta je, tana mita. Sau shida ta je. Ta ce mini duk tsawon rikicin nan kowa tambayarsa shi me ya yi, yara yaya za a yi da su, me mutane za su ce. A ɗakin Sista ne aka fara ce mata, "Ke fa?"

Babbar ce ta fi ba ta wuya. Yarinyar ta ce ba ta sake hawa babur ɗin, ba ta son ganinsa. Kowace safiyar makaranta sai ciwon ciki ya murɗe ta. Shugabar makarantar ta kira Yaya ta ce ƙila zai fi kyau a sauya wa yarinyar makaranta don a samu kwanciyar hankali. Yaya ta ce, "Wadda aka zaga ce za ta tashi, masu zagin su zauna? Ba inda za ta." Ta fito tana huci. Amma bayan mako biyu, da ta ga yarinyar ta daina cin abincin safe don tsoron fita, sai ta je da kanta ta karɓi takardar sauyi. Na ce, "Yaya, ke ce?" Ta ce, "Taurin kaina ba zai zama ciwon cikin 'yata ba."

Wata rana suna tsinke ganye Babbar ta ce, "Mama, abin da ake faɗa a kan Abba gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Kuma gaskiya ne lokacin da kika yi ƙyanda kwana goma sha ɗaya ya rufe shago yana goye da ke. Ki riƙe duka biyun. Ba zan ce ki je wurinsa ba, ba zan ce kada ki je ba."

Kusan shekara biyu ta ɗauka. Sannan wata Asabar ta ɗauki littafin lissafinta ta ce akwai abin da ba ta gane ba, ta bi Auta wurin ubansu.

A lokacin ya riga ya mayar da shagon can ɗaya ƙarshen gari, kusa da kasuwar kifi. Aiki ya dawo a hankali, domin wanda firizarsa ta mutu da kifi a ciki ba ya tsayawa bin tarihin mai gyara. Har yau yana shan maganinsa, yana ganin likita duk bayan wata uku. Akwai watanni masu kyau, akwai waɗanda Yaya za ta ji muryarsa a waya ta ce wa Auta ta je ta yini a shagon. Shi kaɗai yake zaune, a ɗaki ɗaya bayan shagon. Ko akwai wani a rayuwarsa yanzu, ban sani ba, Yaya kuma ta ce ba hurumin kowa ba ne. Alhaji bai sake yi masa magana ba.

Kada a ɗauka ta huce gaba ɗaya. Akwai ranakun da za ta tashi da abin a wuya, ta kira shi ta zazzage masa shekara goma sha biyun nan tun daga farko, ya saurare ta, ta kashe wayar, ta aika masa da abinci.

Tana da shekara arba'in da uku mai kula da tukunyar ruwan zafi, wani bawan Allah da matarsa ta rasu, ya ce yana son ta. Ta ce masa, "Ka san labarina?" Ya ce duk asibitin an sani. Ta ce, "To ka ƙara da wannan. Uban 'ya'yana yana cin abincin rana a gidana duk Asabar ta ƙarshen wata. In ba za ka iya zama tabarma ɗaya da shi ba, kada ka ɓata takalminka." Mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Yana taɓa fanka? Tawa ta kwana biyu ba ta juyawa." Aka yi aure.

Bara Auta ta gama makarantar koyon jinya. Kowace ɗaliba kati uku aka ba ta na shiga zauren taro. Ta ba uwarta ɗaya, ubanta ɗaya, Inna ɗaya. Alhaji ya aiko cewa in har uban zai je, babu wanda zai taka wurin daga danginsu. Yaya ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mun gode, dama kujerun ba su isa ba."

Inna ta daɗe da shiryawa da Yaya, amma shekara goma sha biyar ba ta amsa gaisuwar Mai Firji ba. Ranar, da ƙarfe goma na safe, lambar kujera ta haɗa su gefe da gefe. Yaya ta tura su ciki, ita ta tsaya a bakin ƙofa tana jayayya da mai gadi sai ya shigar da mijinta da Babbar da ni. Ya ce doka ce, ta ce ta fi shi sanin doka, ya ce Hajiya don Allah, ta ce don Allah ɗin ne. Ƙarshe muka shiga mu huɗu da kati ɗaya, muka tsaya jikin bango.

Daga nan nake hango su. Awa guda Inna na kallon gabanta kamar an dasa ta. Da aka kira Auta, Mai Firji ya miƙe tsaye, ya kasa tafi, hawaye na bin gemunsa da ya yi fari. Inna ta kama gefen rigarsa ta ja.

"Zauna, kana tare mini."

Ya zauna. Can ta zaro hankici daga jakarta ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. "Ungo, goge fuskarka. Za a ɗauki hoto."

A waje mai hoto ya jera mu a gaban matakala, Auta a tsakiya da farar rigarta. Ya dubi maza biyun da ke tsaye a bayanta, ya sauke kyamara ya ce, "Wane ne uban? Ya matso kusa da ita."

Wasu mata 'yan tsohuwar unguwarmu da suka zo taya wata murna suna gefe, sun kasa kunne. Yaya ta gan su sarai. Ta nuna da yatsa.

"Wannan ubanta. Wannan mijina. Ɗauki, rana na dukanmu."